Araha Ba Ta Ado: Tsofaffin Injunan Ƙawata Katako da Hanyarsu Zuwa Magariya

   

Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya a Magariya ko Bande ko Waca ko Dungas bayan kaka, lokacin da aka sayar da wake da riɗi aka shiga bukukuwa, ya san abin da ido ke fara sauka a kai. Kan gado ne mai zane, da ƙafafun tebur da aka murɗe kamar igiyar rijiya, da dogayen tsage-tsage da ke sauka a jikin ƙofar kabad. Wannan adon shi ke raba gado mai araha da gado mai tsada, ko da katakonsu ɗaya ne. Kafintanmu ya iya yanka, ya iya haɗi, ya iya fenti, amma adon sau da yawa sayo shi yake yi daga Damagaram ko Kano, ko kuma uwar amarya ta tsallake shi gaba ɗaya ta sayo gadon can. Saboda haka ba abin mamaki ba ne samarin kafintoci su riƙa duba waya suna ganin tsofaffin injunan ƙawata katako da ake tallarsu a Faransa da Beljiyam da Amurka a kan kuɗin da bai kai na babur ba, ransu ya biya. Burin nasu daidai ne, kuma ina goyon bayansa. Abin da na zo in kare a gabanku shi ne cewa ana fara wannan ciniki ta wutsiya. Ana soma tambaya da kuɗin inji, alhali tambayar farko ita ce: ranar da wani abu ya lalace a jikinsa, a ina za a samo madadinsa, kuma kwana nawa za a yi? Injin da ya dace da Magariya shi ne wanda kasuwannin Damagaram da Kano za su iya ciyar da shi. Wanda ba su iya ciyarwa, ko kyauta aka ba ka, ka karɓi ɗawainiya.

Bari mu fara sanin abin da muke magana a kai. Juya itace a kan inji a fitar da ado tsohuwar sana'a ce a Turai, har sarakuna da attajirai sun mai da ita abin nishaɗi. Gidan Holtzapffel na birnin Landan, wanda ya fara aiki a 1794, ya ƙera irin waɗannan injuna fiye da 2,500 kafin ya daina a 1928, kuma har yau masu sha'awa na farautarsu. Wanda ya fi kusa da buƙatar kafinta shi ne jikansu na zamani, irin wanda kamfanin Legacy na jihar Utah a Amurka ya shahara da shi kafin ya karkata ga injunan da kwamfuta ke sarrafawa. Siffarsa mai sauƙi ce. Dogayen sanduna ne na ƙarfe a kwance, ana ɗaure guntun katako tsakanin kai biyu yadda zai iya juyawa, a samansa kuma akwai ƙaramin injin nan mai juya wuƙa da gudu, wanda kafintocin Kano ke kira rauta, yana zaune a kan keken da ke tafiya tsawon sandunan. Sirrin murɗar yana cikin ƴan giyoyi masu haƙora da ke gefe. Su ke haɗa juyin katakon da tafiyar keken, ta yadda duk zagaye ɗaya da katakon ya yi, wuƙar ta matsa gaba da tazara ɗaya da ba ta canzawa. Ka sauya giya, murɗar ta matse ko ta buɗe. Akwai kuma wani faifai mai ramuka a jere, wanda ake soka wa ƙusa don a raba jikin katakon kashi shida ko takwas ko goma sha biyu daidai wa daida, in ana son tsage-tsage. To, ku lura da wannan: sandunan da keken su ne suka cika hoto, su ne kuma suka fi nauyi, amma giyoyin da faifan, waɗanda duka za su shige cikin kwanon sha, su ne injin. Tsohon inji kuwa sau da yawa magada ne ke sayar da shi bayan mai shi ya rasu, ba su san abin da ke cikin kwalin da aka ajiye a wani lungu ba. Sai a loda maka sanduna, a bar kwali.

Kayan jikin kowane inji iri biyu ne, kuma wanda ya gane bambancinsu ya gama rabin ciniki. Akwai kayan kowa, akwai kayan gida ɗaya. Boris, wanda wasunmu ke ce wa rulma, kayan kowa ne. Lamba ce a jikinsa wadda duniya ta yarda da ita: 6203 raminsa milimita 17 ne, 6204 milimita 20, 6205 milimita 25, ko a Jamus aka yi shi ko a Japan ko a Sin. Ka je kasuwar Dole a Damagaram, ko Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, ka faɗi lambar, a miƙo maka. Haka bel, haka noti, haka makunni, haka motar lantarkin da ke juya injin, wadda in ta ƙone akwai masu naɗin koyil da za su tashe ta. Kayan gida ɗaya su ne waɗanda kamfani guda ya zana don injinsa kaɗai: giya mai wani adadin haƙora na daban, allon lantarki mai ƙananan wayoyi, wani maƙalli na roba da aka zuba a ma'aikata. In kamfanin ya rufe ko ya daina wannan samfurin, sai dai a jira wani ya farfasa nasa injin ya sayar da gunduwa-gunduwa. Da yawa daga sunayen da ake gani a jikin tsofaffin injuna, irin su Guilliet na garin Auxerre da Kity na yankin Alsace a Faransa, ko Wadkin na Leicester a Ingila wanda aka kafa a 1897, sun canza hannu ko sun daina ƙera samfuran da ke yawo a kasuwar gwanjo. Wannan bai hana sayensu ba. Tsohon Wadkin ko Guilliet ƙarfen zubi ne mai nauyi, kusan duk abin da ke cinyewa a jikinsa kayan kowa ne. Ma'aunin dai shi ne a ƙirga, kafin a biya ko dala, abubuwa nawa ne a jikin injin waɗanda in sun mutu ba mai iya yin su a nan.

A nan ne injin Amurka ke da tarko wanda ba a gani a hoto. Su da inci suke awo, mu da ƙasashen Turai da milimita. Ɗauki bakin rauta, wato ɗan maƙoshin ƙarfen da ke damƙe ƙotar wuƙa. Na Amurka rabin inci ne, milimita 12.7 ke nan, ko rubu'in inci, milimita 6.35. Wuƙaƙen Turai kuwa ƙotarsu milimita 12 ce ko 8 ko 6. Ka riƙe wuƙa mai 12 da mai 12.7 a tafin hannu, ido ba zai raba su ba. Ka sa mai 12 a bakin rabin inci, za ta shige sumul, ka ɗaure noti ka ji kamar ta kama. Amma wannan abu yana juyi fiye da sau 20,000 a minti ɗaya, kuma giɓin da bai kai kaurin farce ba ya isa wuƙar ta zame ta fito kamar harsashi, a shagon da yaro ɗan shekara goma sha biyar ke tsaye yana riƙe da ƙarshen katako. Haka zaren noti: na inci ba ya hawa kan na milimita, in aka tilasta shi sai ya cinye zaren duka biyu. Hancin injin juya itace na Turai yawanci zarensa M33 ne, na Amurka kuwa inci ɗaya mai zare takwas, don haka kan da ke riƙe katako na wannan ba ya shiga wancan. Ko giyar da ta ɓata, mai injin yankan ƙarfe a Kano zai iya fitar da wata in an ba shi adadin haƙora da girmansu, amma wuƙaƙen da ke hannunsa galibi na awon milimita ne, giyar Amurka kuwa da wani lissafi aka yanka ta. Kasuwar Kano tana da kayan inci saboda tsohuwar alaƙarta da Ingila, wannan ya rage matsalar, sai dai dole mai saye ya san da wane harshe injinsa ke magana kafin ya taso.

Sai wuta. Kuran ɗinmu bolt 220 ne, yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, daidai da na Nijeriya da Turai. Na Amurka bolt 120 ne a gidaje, yana bugawa sau 60. Taransifoma tana gyara bolt, amma ba ta taɓa bugun. Motar lantarkin da aka yi don bugu 60, in aka ba ta 50, za ta rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunta: wadda aka rubuta mata juyi 3,450 a minti za ta dawo wajen 2,875, fankarta ta rage iska, jikinta ya ƙara zafi, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Rauta ita ba ta damu da bugu sosai ba, irin motarta daban ce, amma in aka soka ta a 220 ba taransifoma, nan take za ta ƙone. Manyan injunan Turai kuma nasu ciwon daban: yawancinsu wuta mai layi uku suke ci, bolt 380, shagon kafinta na bakin kasuwa kuwa layi ɗaya gare shi. Kada mu manta da inda wutar ke fitowa. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nigelec ke rabawa daga Nijeriya take zuwa, yankin Maraɗi da Damagaram na sha ta layin Katsina zuwa Gazawa. A farkon Agustan 2023 aka yanke ta, aka yi watanni a haka. Duk kafintan da ya rayu a wannan lokacin ya san cewa injin da gurup ɗinsa ba zai iya tayarwa ba, ba nasa ba ne ranar da ya fi buƙatarsa. Motar lantarki kan ja ninki biyar ko shida na wutar aikinta a daidai lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin gurup ke shaƙewa ya mutu.

Yanzu mu ɗauka an sami injin da ya tsallake duk wannan, yana zaune a wani sito kusa da Antwerp. Tsakaninsa da Magariya akwai teku, akwai ƙasar wasu, akwai siyasa. Hanyar da iyayenmu ƴan kasuwa suka saba ita ce tashar Kwatano, a bi Paraku zuwa Malanville, a haye gadar Kwara a shigo Gaya, sannan Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, har Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da CEDEAO ta sa a 30 ga watan, wannan gada ta rufe. An ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta ci gaba da riƙe nata gefen gadar Gaya a rufe. Kaya suka koma tashar Lome, suna ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar sojoji, su iso Yamai, daga nan kuma saura kusan kilomita 900 kafin Damagaram, da wasu kusan 90 kafin Magariya. Kafin wannan ma, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ban kawo wannan don in yanke hukunci a kan siyasar kowa ba. Na kawo shi ne don hujja ce: cikin shekaru biyar hanyoyinmu biyu mafi muhimmanci kowacce ta taɓa rufewa fiye da shekara guda ko kusa da haka. Inji sau ɗaya yake bin wannan hanya. Kayan gyara kuwa, in na gida ɗaya ne, duk shekara sai sun bi ta.

Lissafin kuɗi ma yana da kyau a yi shi a fili, domin nan ne zuciya ke yaudarar mutum. Sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya 655.957. Injin Yuro 1,000 ke nan ya kama jika 656. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa akwati da jirgi da inshora sun ci wani Yuro 1,000. Duwan ba a kan kuɗin saye kaɗai take lissafi ba, tana haɗawa da kuɗin jigila. Injunan sana'a na cikin rukunin kashi 5 cikin ɗari a jadawalin harajin shigo da kaya na yankinmu, sannan harajin TVA na kashi 19 ya hau kan jimillar. A wannan misali su biyun kaɗai sun kai wajen jika 327, rabin kuɗin injin ke nan, ban da ƙananan haraji, da takardar bin sawun kaya ta hukumar CNUT, da ladan wakilin da zai fitar da kaya, da kuɗin kamiyo. Akwai kuma kuɗin da ba a sa shi a lissafi sai ya zo: kamfanin jirgi kan ba da ƴan kwanaki kyauta, in suka cika kwantena ba ta fita ba, kullum ta Allah ana rubuta tara. Harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin takardar lodin jirgi da rasiɗin saye ya isa ya zaunar da kaya makonni. Mai inji ɗaya ba zai cika kwantena mai ƙafa 20 ba, wadda cikinta ya kai wajen mita kubik 33, don haka sai ya shiga haɗaka da kayan wasu, a sauke a loda, a sauke a loda, kuma a kowane saukewa ne ake asara.

Ku dubi abin da ke faruwa ga injin a hanya. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake, kuma walda ba ta cika mayar da shi yadda yake ba. Masu lodi in sun ga injin share katako, teburansa biyu da suka miƙe gefe da gefe su ne suka fi kama da mariƙi, sai su rataya igiya a nan su ɗaga, teburin ya goce da kaurin takarda, daga ranar ba zai ƙara fitar da katako miƙaƙƙe ba. Dogayen sandunan injin ado kuwa, in aka ɗora musu buhu goma na siminti a bayan kamiyo, sun tanƙware ke nan, kowace ƙafar tebur da za a fitar za ta fito da ciki a tsakiya. Iskar teku ga gishiri, makonni a cikin kwantena mai gumi sun isa tsatsa ta ci duk fuskar da ba a shafe da giris ba. Maganin duk wannan sananne ne: a kwance abin da ke kwantuwa, a shafe, a naɗe, a ɗaure gindin injin da noti a kan katakon ɗauka wanda ke da hatimin gashi na ƙa'idar NIMP 15, a zuba ƙananan kaya a akwati ɗaya a ƙirga su a ɗauki hoto. Kafin haka kuma a nemi hoton farantin da ke jikin motar lantarki, inda aka rubuta bolt da bugu da ƙarfi, da bidiyon injin yana cin katako. Mai sayarwar da ya ƙi wannan, cinikin biri a sama yake nema da kai.

Wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi: in wahalar ta kai haka, me ya sa ba za a sayi sabon injin Sin a Kano a huta ba? Amsata ita ce sau da yawa hakan ne daidai, kuma ya yi daidai da ma'aunin da na kafa. Sabuwar rauta da ake samun gawayinta da borisinta a kowane layi na Sabon Gari ta fi tsohuwar Amurka da ba ta da dangi a nan. Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne a kan gangar jiki. Aikin ado yana son nauyi, domin nauyi ke shanye karkarwa, karkarwa kuwa ita ke barin tabo a fuskar katako. Injuna masu araha da yawa da falle-fallen ƙarfe aka yi su, kuma samfurinsu na canzawa da sauri, ka koma bayan shekara biyu a ce maka an daina kawo irinsa. Saboda haka haɗin da ya fi ma'ana shi ne tsohuwar gangar jiki mai nauyi, da sabbin kayan kowa a kanta. Kuma ba lallai gangar ta fito daga Turai ba. Masana'antu da yawa sun rufe a Bompai da Sharaɗa da Challawa, injunansu sun watsu a hannun ƴan gwangwan da dillalai, haka a Panteka ta Kaduna. Injin da ya shekara talatin a Kano ya riga ya sha ƙurar hunturu da wutarmu mai hawa da sauka, kana iya zuwa ka kunna shi da hannunka, kuma tsakaninsa da iyakar Tinkim tafiyar yini ɗaya ce. Zai bi ta duwan kamar kowane kaya, amma ba zai ga teku ba.

Wani kuma zai ce sayen tsofaffin injuna mai da ƙasarmu juji ne na Turawa. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa ƙasashen Afirka suka rattaba hannu a yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta hana shigo da shara mai guba. Amma tsufa ba iri ɗaya ba ne. Kwamfuta mai shekara goma sha biyar ta gama yayi, ƙarshenta bola. Teburin ƙarfen zubi mai shekara hamsin, in bai tsage ba, abin da ya iya ranar farko shi yake iyawa yau. Turawa na rabuwa da irin waɗannan injuna ne saboda ladan ma'aikaci ya yi tsada a can, da kuma dokokin kariya da suka tsananta. Wannan dalili na biyu ya kamata ya tsaya mana a rai. Tsohuwar tupi mai buɗaɗɗen kai, wato injin fitar da ado a gefen katako, tana cikin injunan da suka fi cin yatsun kafintoci, kuma hannun yaron Malawa bai fi na yaron Faransa araha ba. Duk wanda ya shigo da irin wannan inji, kuɗin murfin kariya da makunnin tsayarwa na gaggawa na cikin kuɗin saye, ba ƙari ba ne da za a jinkirta sai an samu hali.

Wannan ya kawo mu kan kayan ƙara wa inji ƙarfi, inda ake zubar da kuɗi da yawa a banza. Akwai gyaran da ke ƴantar da kai, akwai wanda ke ƙara ɗaure ka. Sauya boris da irin mai murfin roba gefe biyu, wanda ake rubuta wa 2RS, kuɗi kaɗan ne, kuma a ƙasar ƙura yana tsawaita rai. Cire motar Amurka a sa mai bolt 220 da ake samu a nan ya fi a rayu da taransifoma. Akwatin inbata mai daidaita gudu yana iya karɓar layi ɗaya ya fitar da uku ga motar da ba ta wuce wajen kilowat 2 ba, in motar na da haɗin 220, kuma yana tayar da ita a hankali yadda gurup ba zai shaƙe ba; sai dai shi kansa yana tsoron ƙura da zafi, dole a yi masa gida. Wuƙa mai bakin kabayid ta fi daɗewa, musamman a kan iroko mai ɓoye tsakuwa a cikinsa, amma ba ta wasuwa sai da dutse na musamman irin na daimon, alhali wuƙar ƙarfe ta gargajiya kowane mai dutsen wasa zai gyara ta. Wanda ya fi jan hankalin samari shi ne mai da inji na kwamfuta. Ba na musun cewa can duniya ta nufa, kuma a Kano akwai masu yankan ƙofofi da irinsa. Amma a yi masa tambayar da aka yi wa sauran: in allonsa ya ƙone ranar Laraba ana saura mako ɗaya biki, wa zai tashe shi? Ranar da aka sami amsa a Damagaram, lokacinsa ya yi.

Akwai ƙorafin da ya fi duk waɗannan taɓa zuciya, na iyayenmu masassaƙa, cewa inji zai kashe gizago kuma ya cinye itatuwa. Game da gizago, aikinsu daban ne. Turmi da taɓarya da akushi da allo da ƙotar fartanya daga kututture ake fafe su, injin ado kuwa katakon da aka riga aka tsaga yake ci, kuma abokin gasarsa shi ne gadon da ake shigowa da shi daga waje. Mai idon sassaƙa ma shi ya fi cancanta ya tsaya a kan injin, domin inji maimaita zane kawai ya iya, ba ya ƙirƙira. Game da itatuwa kuwa, gargaɗin gaskiya ne. Ƙasar Magariya da Matamai da Mirya ta yi suna a duniya saboda manoma sun bar gawo ya sake tsiro a gonakinsu tun daga shekarun 1980, har masu bincike na zuwa daga nesa su gani. Gawo ba katakon ado ba ne, amfaninsa a tsaye yake, yana zubar da ganye da damina ya ciyar da gero. Waɗanda ke cikin haɗari su ne masu tauri irin ƙirya da maɗaci. Mun ga yadda kasuwar kayan ɗaki ta waje ta yi wa maɗobiya a Afirka ta Yamma, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2016. Shagon da ya sayi inji ya tsaya kan katakon kasuwa da aka san asalinsa, irin wanda ake saukewa a ƴan katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo, da malaina da ake shukawa don yanka.

Abin da duk wannan ke nunawa shi ne mutum ɗaya ba zai iya ba, kuma bai kamata ya gwada ba. Shagon kafinta ɗaya ba ya da aikin adon da zai riƙe inji yini cur, amma shaguna goma suna da shi. In kafintocin Magariya da Dungas da Sassumburum suka yarda su tsaya a kan iri ɗaya ko biyu na inji, awo ɗaya, bakin wuƙa ɗaya, to giyar da ke wurin wannan za ta tashi injin wancan, mai gyara ɗaya zai ƙware a kansu, ɗan kasuwa ɗaya zai ga riba a ajiye kayansu a shago. Na san abin da za a ce: kayan taro ba ya da mai shi, an sha ganin injin niƙan ƙungiya ya mutu saboda bel ɗaya ba wanda ya saya. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a mallaki inji tare ba. Kowa ya riƙe nasa, ko mutum ɗaya ya saya sauran su kawo aiki su biya, kamar yadda ake kai gero wurin mai niƙa. Abin da za a haɗa shi ne awo, da kwantena in za a yi oda, da sani. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke garuruwanmu, da asusun FAFPA, da majalisar masu sana'ar hannu ta CMANI, in za su taimaka, kada su fara da rabon injuna iri-iri daga masu ba da tallafi iri-iri. Su fara da koya wa yara karanta farantin mota da amfani da ma'aunin milimita, su haɗa kafinta da mai yankan ƙarfe da mai naɗin koyil a aji ɗaya. A wannan ƙasa ta Damagaram, zamanin Sarki Tanimune a ƙarni na 19, maƙeran birni sun zuba igwa da hannunsu. Jikokinsu ba za su kasa fitar da giya mai haƙora talatin ba, in an kawo musu tsohuwar a hannu ko zanenta a takarda. Saboda haka ranar da inji ya sauka, tun kafin a kunna shi, a kwance giyoyinsa da faifansa a shimfiɗa a kan tabarma, a ƙirga haƙoran kowacce, a auna ta, a zana ta a littafi, a kwafe lambar kowane boris da bel, a ajiye kwafi ɗaya a shago, ɗaya wurin shugaban kafintoci.